Kwanon Nana Yana Dawowa Cike

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Sukari da safe 1,04. Tansiyo, wato awon hawan jini, 13/8. Kilo 124.

Majo Abdulhafiz, babban ma'aikacin jinya na asibitinmu, shi ne ya ba ni wannan kaye, wato littafin rubutu, ya ce in riƙa rubuta lambobi da abin da na ci, don in likitan Tunis ya kira a samu abin faɗa masa. To ga lambobi. Abin da na ci yau: dafaffen ƙwai ɗaya, nono rabin kofi, kifin gwangwani cokali uku. Ni Yahuza, da ake ajiye wa kwano biyu kuma a tambaya ko a ƙara.

Saura kwana goma a cika wata uku da yin abin. Mu uku muka sani a duk Tanout: ni, matata Nana, da Majo. Sauran jama'a sun san na je Tunis a duba mini ido da gwiwa. An duba su ɗin kuwa, ban yi ƙarya gaba ɗaya ba. Abin da ban faɗa ba shi ne an kwantar da ni an rage mini tumbi, an cire kashi uku cikin huɗu. Na rubuta sau ɗaya ke nan, ba zan sake ba. Daga yau sunansa abin.

Laraba, 16 ga Oktoba, da hantsi

Sukari 0,98.

Jiya na koma ciyayya. Tun dawowata nake kakkaucewa, yau in ce gajiya, gobe in ce lokotoro, wato likita, ya hana ni gishiri. Uzuri ya ƙare. Mu bakwai ne a layinmu, bayan magariba kowane gida ya fito da kwanonsa a jera a tabarma ƙofar masallaci, haka muka tarar manya suna yi. Shekara goma sha tara ke nan kwanon gidana ake fara buɗewa, tun da na auro Nana, don miyarta ba ta da ta biyu a unguwa. Wannan ba ni na faɗa ba, su suka faɗa.

Tuwon sabon gero ne da miyar ɗanyar kuɓewa. Sabi'u tela, wanda muka yi lakwal tare, wato makarantar boko, kuma bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya kalle ni ya ce rigar da ya ɗinka mini da salla yanzu mutum biyu za su shiga su zauna su yi hira. Aka yi dariya, na taya su. Don in rufe masa baki sai na yanko loma irin ta da. Likita ya ce kowace loma a tauna ta sau talatin, kada a kora da ruwa. Wa zai zauna yana tauna tuwo sau talatin a gaban maza shida? Loma ta huɗu ta tsaya mini a ƙirji, zufa ta keto. Ban kai bayan katanga ba sai amai.

Suna ji suna gani. Da na kurkure baki na dawo, kowa ya janye hannu daga kwanon gidana, sun koma kan na gidan Sabi'u, wanda miyarsa ruwa ce da gishiri.

Kwano ya koma ciki da tuwo fiye da rabi. Nana ta tambaye ni ko gishiri ne ya yi yawa. Na ce a'a, ƙoshi ne ya kama mutane.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Sukari 1,01. Ban fita ba jiya. Kwano ya fita, ya dawo cike.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Sukari 0,95. Tansiyo 12/8.

Yau na kai goshina ƙasa. Shekara huɗu ina salla a kan kujerar roba a ƙarshen sahu tare da tsofaffi, ni da ban kai hamsin ba. Yau na bar kujerar a gida. Gwiwa ta yi ƙara amma ta ɗauke ni. Na daɗe a sujada ban ɗago ba, don hawaye ne suka zo kuma ban so na kusa da ni ya gani.

Daga nan na biya wurin Majo. Ya ɗauko tsohon katina yana jera mini. Allurar sukari da nake yi sau biyu a rana, an daina tun sati na uku. Ƙwayoyin hawan jini uku ne, saura ɗaya. Gyambon babban yatsan ƙafa, wanda aka ce in bai rufe ba sai an cire ƙafar, ya rufe. Numfashin da ke ɗauke mini cikin barci har Nana ta riƙa zungura ta, shi ma ya daina. Yana ta murna kamar shi aka yi wa. Ya dai ja mini kunne cewa ba a ce na warke ba, sukari yana iya komowa in na koma halina na da, kuma bitamin babu fashi har ƙarshen rai.

Sai ya kawo maganar da na san zai kawo. Wai in faɗa wa mutane, ba abin kunya ba ne, ciwo ne aka yi wa magani. Shi ɗan birni ne, a Yamai ya tashi, bai taɓa kwana da yunwa ba sai ta azumi. Na ce, "Majo, a ƙasarmu ta Damargu kake. Nan in mutum ya ce ya shiga jirgi ya je an yanke masa ciki don ci ya yi masa yawa, ka san me ya faɗa wa mutane?" Ya ce me? Na ce ya bari kawai.

Lahadi, 20 ga Oktoba, kafin magariba

Yaya Fatu, babbar yayata, ta dawo daga Belbeji. Wata biyu ta yi can tana jinyar wata ƴar'uwar marigayi mijinta, rabonta da ni tun ina sabon dawowa jiki bai fara zubewa ba. Gidanta yana manne da nawa, ƙaramar ƙofa ce tsakani.

Ta tsaya da ƙullin kayanta a ka, ta dube ni daga sama har ƙasa. Ba ta amsa sannu da zuwa ba. Ta ce, "Auta, wa ya cinye ka?"

Na yi dariya, na ce sukari ne da dokar likita. Ta ce masu sukari nawa ta gani a duniya. Ko ruwa ba ta sha ba ta fita gaishe-gaishe, kuma na san gidan da ta fara shiga. Kafin la'asar ta ji labarin ciyayya da ƙari. Ta dawo da kunun tsamiya a ƙaramar ƙwarya, tsararo, babu sukari, ta zauna a gabana ta ce in sha tana gani. Na sha a hankali, ya wuce lafiya. Ta jira, ta jira, ba abin da ya faru.

Nana tana gefe tana tsince shinkafa. Yaya ta juya ta kalle ta, ta ce, "Nawa dai ya zauna."

Amsar tana bakina. Abu mai ruwa-ruwa yana wucewa ko na wa ne, tuwo ne ba ya wucewa ko na wa ne. Amma in na faɗi haka za ta ce saboda me, kuma daga nan babu wurin ɓuya. Nana ta ɗago ta kalle ni tana jira. Na ce kunun ya yi daɗi.

Litinin, 21 ga Oktoba, da azahar, a mangaza

Sukari 1,00.

Tun safe ake sauke buhunan sabon gero daga ƙauyuka a mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsina, ni kuwa hankalina yana shekarar tamanin da huɗu. Ina da shekara shida, Yaya tana da goma sha biyar. Baba ya tafi kudu neman abin da za mu ci bai dawo ba, Inna ta rasu a hanya tsakanin ƙauyenmu da nan. Yaya ce ta goyo ni ta ƙaraso da ni. A inda ake rabon abinci kowa ludayi ɗaya ne. Nawa in shanye, nata ta taɓa da leɓe ta ce ta ƙoshi, ta miƙo mini. Ita sai ta jiƙa anza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci, kwana uku ta ci da sauran ɗacinta. Ina karɓa, ban taɓa tambaya ba. Har yau tsawonta bai kai kafaɗata ba, kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Mata suna cewa wannan shekarar ce ta ƙone ta.

Da na kama kasuwar hatsi na fara ƙiba, ba wanda ya kai ta murna. A gaban baƙi sai ta bugi tumbina ta ce, "Ku duba aikina." Ranar da na hau sikelin mangaza ya nuna ɗari da arba'in da takwas, da ta ji labari guɗa ta yi.

Majo yana cewa in faɗa. In je in ce mata me? Abin da kika hana cikinki kika gina, na kai wa baƙi sun yanke? A garin da har yanzu in damina ta yi gardama mata suke tona gidan tururuwa neman tsaba? Ba zan iya ba. Ina jin kunyar ko tunaninsa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Sukari 0,97. Kilo 121.

Sabi'u ya zo mangaza, kuma karon farko a rayuwa bai shigo da zolaya ba. Ya ja buhu ya zauna, ya ce an gan ni ina buɗe gwangwanin kifi a nan ina ci a ɓoye. Ya ce mutum yana cin na kanti, yana shan na yayarsa, amma na matarsa ya taɓa sai amai, to mutane ba makafi ba ne. Na ce ya fito fili. Ya ce ana cewa ana zuba mini wani abu a abinci a gida.

Na ce ƙarya ce. Na faɗa da ƙarfi har mai awo ya waiwayo. Ya ce, "To me ke cin ka, Alhaji?" Na ce sukari. Ya ce ai ni na gaya masa da bakina sukari ya sauka, har na daina allura. Na tashi na hau duba ɗinkin buhu kamar shi ne aikin da ya kawo ni duniya.

Kwano tara ke nan suna dawowa. Nana ba ta daina girkawa ba, kullum sai ta fitar.

Asabar, 26 ga Oktoba, da yamma

An yi suna a layinmu. Duk taron da za a yi a unguwar nan, Nana ake bai wa babbar tukunya. Yau tun asuba ta ɗaura zane ta ɗauki muciyarta ta tafi. Kafin hantsi ta dawo, muciya a bushe.

Ina zaune ƙofar gidan sunan tare da maza, katanga ce kawai tsakaninmu da mata. Na ji muryar Yaya. Na ji abin da ta faɗa, kowa ya ji. Ba zan rubuta ba. Na ga Nana ta fito ta wuce ta gabanmu, ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma kalli inda nake ba. Wani ya miƙo mini goro na karɓa na yi godiya.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da hantsi

Ban auna ba.

Nana ta same ni a ɗaki bayan karin kumallo, ta mayar da ƙofa. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tuna mini ita ce ta nace a yi abin, ranar da Majo ya ce ƙafa ko rai. Ita ta bi ni Tunis, ita ta riƙa ba ni ruwa da ƙaramin cokali kwana goma. A can na sa ta yi mini alkawari da sunan Allah ba za ta gaya wa kowa ba, ko uwarta. Ta ce ta riƙe, kuma za ta riƙe sai in ni na sauke mata.

Ta ce, "Alhaji, jiya an ɗauke jariri daga kusa da ni. Ka sake ni in faɗa, ko kai ka faɗa. Ɗaya daga ciki."

Na ce ta ba ni sati ɗaya in san yadda zan ɓullo wa Yaya. Ta ce wata uku bai isa ba, sati ɗaya ne zai isa? Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ta ji.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Sukari 0,99. Na shiga wurin Yaya da niyya, na tarar tana dama mini kunu. Na sha na fito.

Laraba, 30 ga Oktoba, da la'asar

Maganar ta kai Ollelewa, garin su Nana. Wanta Hashimu ya zo a babur. Manomi ne, ba shi da yawan magana, kuma shekara goma sha tara bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yau ma bai ɗaga ba. Mun gaisa a zaure har ya tambayi kasuwa. Sannan ya ce tsohuwarsu ta aiko a zo da Nana ta huta kwana biyu. Ya ce su talakawa ne amma ba a taɓa kiran gidansu gidan mayu ba, in kuwa ina da zargi in faɗa masa ido da ido.

Na ce ba ni da zargi, ko kaɗan. Ya ce to me ya hana ni fita in faɗa wa mutane abin da ke damuna? Na ce akwai dalili. Ya jira dalilin. Na kalli tabarma.

Ta tafi da akwati ɗaya da ƴar autarmu. Manyan biyu suna makaranta a Damagaram, Allah ya sa maganar ba ta kai can ba. Kafin ta fita ta nuna mini inda bitamin suke, ta ce ja da safe, fari da rana, kada in haɗa su da shayi.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan masallaci

Sukari 0,94. Tansiyo 12/7. Majo ya ce watakila a sauke ƙwayar da ta rage. Da zan fita ya ce ya ji abin da ake faɗa, shi aikinsa ya ɗaure masa baki, amma ni ba abin da ya ɗaure nawa. Na ce ya tsaya ga lambobinsa. Na ji haushinsa har gida, don gaskiya ya faɗa.

Na yi sujada lafiya lau. Ban san me zan roƙa ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da safe

Satin da na roƙa ya cika.

Yaya ta karɓe girki. Fuskarta a sake, tana waƙe-waƙe a madafa, ta ce yanzu za ta mayar da ni mutum. Kunu da safe, wannan ba damuwa. Amma ta fara tuwo. Ina ce mata a ɗaki zan ci, in rufe ƙofa in ci loma biyu, sauran in kai wa awaki ta bayan gida. Ni da na ga ana binne yara saboda ludayi ɗaya, ni nake laɓewa ina zuba wa awaki tuwon Yaya.

Talata, 5 ga Nuwamba, da azahar

Na kira Nana. Ta ɗauka, ta gaishe ni kamar baƙo, ta tambayi bitamin. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce, "Ni ba ni za ka yi wa bayani ba, ni na sani." Ta ce ko a can ma, jiya ta je rijiya mata sun yi shiru.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da yamma

Sukari 1,02.

Yaya ta ga tuwo a kaskon awaki. Ba ta yi faɗa ba. Ta tuƙa wani, ta zauna a gabana ta ce yau a idonta zan ci. Na ci. Loma ta huɗu ta dawo, a nan tsakar gida, kusa da ƙafarta.

Na zata za ta gane cewa nata ma ba ya zama, Nana ta fita. Ina! Ta ce abin ya yi nisa, ya kama hanji, dole wadda ta ɗaura ta zo ta kwance. Ta ce ta riga ta yi magana da wani malami, Juma'a ta sama za a kira Nana ta dafa Alƙur'ani a gaban mutane. In ta ƙi zuwa, in rubuta mata takardarta.

Uwar ƴaƴana. A gaban mutane, da Alƙur'ani.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan azahar

Na faɗa.

Na same ta tana sussukar gero. Na tsuguna, abin da da ba na iyawa. Na ce, "Yaya, ba wanda ya zuba mini komai." Na ɗaga riga na nuna mata tabon, guda biyar ƙanana. Na faɗi sunan abin da bakina, da Hausa, yadda za ta gane. Na faɗi maganar ƙafa, da allura, da numfashi. Ina magana ina kallon taɓarya.

Ta sa yatsa ta taɓa tabo ɗaya. Ta ce da sanina aka yi? Na ce ni na sa hannu. Ta ce Nana ta sani? Na ce ita ta yi jinyata, ni na ɗaure ta da alkawari.

Can ta ce, "Abin da suka yanke, ina suka kai shi? An binne?"

Na ce ban sani ba.

"Ba ka ma tambaya ba."

Na ce kunya ce ta hana ni gaya mata, saboda waccan shekara, saboda abin da ta yi mini. Sai ta ajiye taɓarya. Ta ce, "Ni mahaukaciya ce, da zan zaɓi tumbinka in bar ƙafarka? Don ka rayu na ba ka, ba don ka yi ƙato ba. Da ka faɗa mini, da na yi kukana kwana biyu na share ido." Sannan ta ce, "Ranar sunan nan kana ƙofar gida?"

Na ce ina nan.

"Kana ji ina cin naman ƴar mutane."

Na ce ina ji.

Ta kwashe geronta ta shige ɗaki. Ta ja ƙaramar ƙofar da ke tsakaninmu ta sa sakata, abin da ban taɓa sanin tana da shi ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Yaya ta tafi Ollelewa tun da sassafe a motar haya. Na bi ta tasha na ce ta bari a kai ta da motar gida. Ta yi kamar da iska nake.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da safe

Jiya bayan magariba na fita ciyayya hannu biyu, babu kwano. Na ce kafin a buɗe abinci ina da magana. Na faɗa duka. Bai kai minti biyu ba.

Liman ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Wani ya tambaya ko da zafi. Sabi'u ya ce in ɗaga riga ya gani, ya leƙa da fitilar waya, ya ce shi da ke ɗinki shekara talatin bai taɓa rage riga da ƙaramin ɗinki haka ba. Aka yi dariya aka sa hannu a tuwo. Shi ke nan. Abin da na ɓoye wata uku da rabi, na bar matata ta ɗauka a ka, bai hana kowa loma ɗaya ba.

Da muka tashi Sabi'u ya raka ni ƙofa. Ya ce maza sun ji, amma ba maza ne suka hana ta tukunya ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da la'asar

Sukari 0,96. Kilo 117.

Hashimu ya kira. Ya ce Yaya ta sauka ƙofar gidansu ta durƙusa a rana, ta ƙi tabarma, ta ƙi ruwa, sai da Nana ta fito da kanta ta ɗaga ta. Tun ranar take bin gidajen garin ɗaya bayan ɗaya tana faɗin cewa ita ta yi ƙazafi. Ya ce wannan aikin ba nata ba ne. Na ce na sani.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da yamma

Sun dawo tare. Nana ta shiga ta share ɗakinta, ta duba kwalbar bitamin ta ƙirga da ido. Na ce mata sannu da hanya, na ce na gode. Ta ce, "Don tsohuwar nan na dawo. Gwiwarta ta kumbura."

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na gaida Yaya ta kan katanga. Shiru.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau ce ranar da aka sa za a kira Nana rantsuwa. Yaya ta bi gida-gida ta kira matan layinmu, duk waɗanda suke wurin sunan, ta ce su zo gidana bayan an sauko masallaci. Ta ce wa Nana ta tuƙa tuwo ta zuba a babban kwanon da ake fitarwa ciyayya, ta cika shi kamar kullum.

Ina zaure, ina hango tsakar gida ta gefen labule. Mata sun kai ashirin. Yaya ta zauna a tsakiya ita kaɗai, ta ja kwanon gabanta. Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce bakinta ne ya ɓata wannan kwano, don haka bakinta zai ci. Ta yi bismilla.

Kwanon maza bakwai ne. Yaya kuwa cinta bai wuce na yaro ba tun da na san ta. Ta kai rabi ta tsaya ta numfasa, zufa tana bin wuyanta. Matar Sabi'u ta matso za ta sa hannu ta taya ta, ta ture hannun. Nana ta durƙusa ta ce, "Yaya, ya isa haka, don Allah." Ba ta ko ɗago ba. Ta ci gaba loma bayan loma, hawaye na zuba cikin miya, har ta kai ƙasa, ta suɗe kwanon da yatsa ta kife shi. Wata tsohuwa ta ce wa Nana jibi akwai biki a gidanta, ta zo da muciyarta da wuri.

Da suka watse Yaya ta taso a hankali, tana dafa bango. Ba ta bi ta ƙaramar ƙofa ba, ta biyo ta zaure inda nake. Na miƙe na ce sannu, Yaya. Ta tsaya, ba ta kalle ni ba.

Ta ce, "Shekara arba'in ban taɓa cin abinci ban rage maka ba, Yahuza. Ko kana Makka sai na ture loma gefe. Yau na cinye."

Ta fita. Na bi ta da ido har ta shiga gidanta ta ƙofar waje.